Jaririn da aka haifa da ƙari a baki har ya toshe masa numfashi: tambayoyi da amsoshi

Akwai jariran da suke zuwa duniya da ƙari a cikin baki, ko a ganɗa, ko a dasashi, ko a tushen harshe. Lamarin ba ya faruwa sosai, ungozoma na iya tsufa a kan aikinta ba ta taɓa cin karo da shi ba. Amma duk ranar da ya faru, abin da aka yi ko aka kasa yi a mintocin farko shi yake raba jaririn da zai rayu lafiya da wanda za a rasa. An tsara amsoshin nan ne domin iyayen da aka nuna wa abin a hoton ciki, da waɗanda aka haifa musu jaririn ba zato, da kuma ma'aikatan ƙananan asibitoci.

Wane irin ƙari ake nufi, kuma iri nawa ne?

Ba ciwo ɗaya ba ne, cututtuka ne daban-daban da suka yi tarayya a wurin da suke fitowa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne teratoma na baki da maƙogwaro, wanda likitoci ke kira efignatus. Yana tsirowa daga ganɗa ko daga ƙasan ƙoƙon kai, ya cika baki, wani lokaci ya fito waje har girmansa ya kai kan jaririn ko ya zarce. Ana kiyasin cewa ana samunsa a haihuwa ɗaya cikin 35,000 zuwa 200,000, kuma ya fi yawa a 'ya'ya mata. Abin da ke firgita masu kallo shi ne kayan da ke cikinsa, domin ya samo asali ne daga ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama kowane sashe na jiki, saboda haka akan tarar da gashi, da kitse, da guringuntsi, da ƙashi, da haƙori a cikinsa, wani lokaci ma da abin da ya yi kama da yatsu.

Na biyu shi ne efulis na haihuwa, wanda likitan Jamus Ernst Neumann ya fara bayyanawa a shekarar 1871. Tsoka ce mai santsi, ruwan hoda ko ja-ja, da ke rataye a dasashi da siririn wuya, galibi a dasashin sama ta gaba. Jarirai mata ne suka fi samunsa nesa ba kusa ba, kusan mata 8 zuwa 10 a kan namiji ɗaya. Yawancinsa santimita 1 ne zuwa 2, amma akwai mai girman da zai hana baki rufuwa, ya hana tsotso, ya danne hanyar iska.

Na uku kumburin magudanan ruwan jiki ne, wato jakunkuna cike da ruwa da ke mamaye wuya da ƙasan baki da harshe. A haƙiƙa wannan ba ƙari ba ne, tawaya ce a yadda magudanan suka ginu, amma toshewar da yake haddasawa iri ɗaya ce. Bayan waɗannan akwai ƙanana: jakar yawu a ƙarƙashin harshe, da jakar ruwa a tushen harshe daidai ƙofar maƙogwaro, da wata tsoka mai gashi da ke saukowa daga bayan hanci.

Me ya sa likitoci ke maganar numfashi fiye da maganar ƙarin kansa?

Saboda ƙarin yakan jira, numfashi kuwa ba ya jira. Muddin jariri yana cikin mahaifa, ba ya bukatar huhunsa. Iskar oksijin tana zuwar masa daga jinin uwarsa ta mabiyiya da igiyar cibiya, shi ya sa ko bakinsa ya cika taf yana iya girma lafiya har wata tara. Da zarar an haife shi, mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta fara rabuwa, wannan hanyar ta yanke, dole ya ja iska da kansa. Idan ƙarin ya rufe ƙofar, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintoci, kuma lalacewar ba ta gyaruwa.

Ga shi kuma hanyar iskar jariri 'yar siririya ce. Wurin da ya fi ƙunci a maƙogwaron jaririn da ya cika watanninsa bai wuce kimanin milimita 4 ba, harshensa babba ne idan aka gwada da girman bakinsa, kuma a watannin farko ta hanci ya fi dogara wajen numfashi. Ɗan kumburi ko ɗan jini da babba ba zai ko lura da shi ba yana iya rufe ta ruf. Don haka tsarin aikin a ko'ina cikin duniya ɗaya ne: a fara tabbatar da hanyar iska, sannan a natsu a duba ƙarin.

Sankara ce?

Mafi rinjaye ba ita ba ce. Efulis ba ya zama sankara, ba ya ƙara girma bayan haihuwa, kuma ba a san shi da dawowa ba ko da an bar ɗan guntunsa. Teratoma na baki a jariri shi ma yawancinsa ba mai yaɗuwa ba ne, sai dai yana iya sake tsirowa idan ba a kwashe shi duka ba, kuma ƙalilan daga ciki suna ɗauke da ƙwayoyi masu haɗari. Shi ya sa duk abin da aka cire sai an kai shi ɗakin gwaji an duba shi da madubin likita, kuma bai kamata iyaye su bar asibiti ba tare da sanin ranar da za su karɓi sakamakon ba.

Wani abu uwa ta ci ko ta yi da ya jawo shi? Ko gado ne?

Babu wata shaida da ta danganta waɗannan ƙararrakin da abincin da uwa ta ci, ko aikin da ta yi, ko abin da ta kalla tana da ciki. Yawancinsu suna faruwa ne tun a makonnin farko, lokacin da fuska da baki ke haɗuwa, kuma galibi ba sa bin jini a dangi. Ya kamata a faɗi wannan a fili a gaban miji da surukai, domin jaririn da aka haifa da tsoka mai gashi ko haƙori a baki yakan jawo surutu, a ambaci iska ko sammu, a bar mai jego da zargin da ba ta da hannu a ciki. Gashin da haƙorin suna da bayani sananne a ilimin halittar jiki, kamar yadda aka faɗa a sama.

Ana iya gane shi tun jariri yana ciki?

Ana iyawa, kuma a nan ne rayuwar jaririn ta fi rataya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta nemi a yi wa kowace mai ciki hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako na 24, kuma hoton da ake bin sassan jikin jariri ɗaya bayan ɗaya ana yin sa ne tsakanin mako na 18 da na 22. Babban teratoma yakan bayyana a wannan lokacin, a ga wani curi yana fitowa daga baki, bakin kuma a buɗe ba ya rufuwa. Efulis ya fi wuyar kamawa, domin yakan yi girmansa ne a watanni ukun ƙarshe, ta yadda hoton wata biyar zai iya fita lafiya ƙalau.

Akwai alama guda da bai kamata a yi sakaci da ita ba, ita ce yawan ruwan faya. Jariri a ciki yana haɗiye ruwan da yake kwance a cikinsa, kusan rabin lita ko fiye a rana idan haihuwa ta matso. Idan ƙari ya hana shi haɗiya, ruwan sai ya taru, ciki ya yi girman da ya wuce watanninsa, ya ɗaure tamau yana sheƙi, uwa ta kasa kwanciya rigingine, numfashi ya riƙa yi mata wuya. A hoto kuma akan ga tumbin jaririn ƙarami ko a kasa ganinsa gaba ɗaya. Yawan ruwa yana da dalilai da yawa, ciwon suga na daga ciki, tagwaye ma haka, amma duk macen da aka ce ruwan cikinta ya yi yawa tana da haƙƙin ta tambayi mai hoton ko ya duba fuska da baki da wuyan jaririn da kyau. Hoton minti biyu da aka yi don a ji ko mace ce ko namiji bai isa ba.

Idan an ga abin, mataki na gaba shi ne hoton MRI a inda ake da na'urar. Ba ya amfani da hasken da ke cutar da jariri, kuma yana nuna abubuwa biyu da likitocin tiyata suka fi bukata: ko maƙogwaro a buɗe yake ko an danne shi, da kuma ko ƙarin ya kutsa cikin ƙoƙon kai.

An nuna mana ƙarin a hoto. Me ya kamata mu yi yanzu?

Abu na farko shi ne a sauya wurin haihuwa. Wannan ciki ba na haihuwar gida ba ne, ba kuma na ƙaramin asibitin unguwa ba, komai ƙwarewar ungozomar. Ana bukatar asibitin da ya haɗa likitan mata, da likitan sa barci wanda ya saba da jarirai, da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, da likitan tiyatar yara ko na muƙamuƙi da fuska, da sashen jinyar jarirai sabbin haihuwa, da ma'ajiyar jini. A arewacin Najeriya irin wannan haɗuwar ana samunta ne a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri; a Nijar kuwa manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram ne ake turawa. A nemi takardar turawa da wuri, a tafi da dukan hotunan.

Na biyu, uwa ta koma kusa da asibitin tun da sauran makonni, domin yawan ruwa yana sa naƙuda ta zo kafin lokaci. Likitoci suna so a kai mako na 37 ko kusa da haka, amma sau da yawa ciki ba ya bari. Akan zuƙe wani ɓangare na ruwan da allura don a sassauta wa uwa a kuma jinkirta naƙuda, kuma idan ana tsoron bakwaini kafin mako na 34 akan yi mata allurar da ke gaggauta ƙosawar huhun jariri. Na uku, a tanadi masu ba da jini tun kafin ranar, kada a bari sai ana cikin ɗakin tiyata a fara kiran 'yan'uwa a waya.

Mene ne aikin da ake kira EXIT?

Hanya ce ta haihuwa da ake fito da kan jariri da kafaɗunsa kawai, a bar sauran jikinsa a cikin mahaifa, mabiyiya tana ci gaba da ba shi iska, har sai an samar masa hanyar numfashi sannan a yanke cibiya. Likitocin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙarƙashin Michael Harrison, su ne suka daidaita tsarin a shekarun 1990. Da farko sun yi shi ne don wata matsala daban, wato cire matsewar da suke sanya wa maƙogwaron jarirai masu ɓular tantanin da ya raba ƙirji da ciki tun suna cikin mahaifa, daga baya aka ga ya dace da duk jaririn da ake tsoron hanyar iskarsa a toshe take.

Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin tiyatar haihuwa da aka saba, alhali manufarsu ta saɓa. A tiyatar da aka saba ana so a fito da jariri da sauri, mahaifa ta tsuke nan take don jini ya tsaya. A EXIT ana sa uwa barci mai nauyi da iskar da ke saki mahaifa ta yi laushi, domin da ta tsuke mabiyiya za ta rabu, aikin ya lalace. Kafin a tsaga, ana bin gefen mabiyiya da na'urar hoto don kada wuƙa ta taɓa ta. Ana matse bakin tsagar don hana zubar jini, ana kuma ɗura ruwa mai ɗumi a cikin mahaifa don kada ta motse ta danne cibiya.

A wannan lokacin ɗakin yakan cika da ma'aikata, kowa da abin da aka ɗora masa. An fito da kai da hannu ɗaya, an maƙala wa hannun na'urar auna iska, wani yana bin bugun zuciyar jaririn, wani yana riƙe da ƙarin yana ɗaga shi gefe da tafin hannu biyu. Likitan maƙogwaro ya zura ƙarfe mai fitila ta gefen baki yana neman ƙofar iska. Idan ya gan ta, sai ya zura bututu mai faɗin milimita 3 ko 3.5. Idan bai gani ba, sai a gwada madubi mai tsawo. Idan shi ma ya gagara, sai a huda maƙogwaro ta gaban wuya a sa bututu ta nan. Wani lokaci sai an zuƙe ruwan ƙarin ko an rage shi kafin a samu hanya. Sai an ga ƙirji yana ɗagawa, an saurari iska a huhu biyu, sannan a ɗaure cibiya, a fito da jariri, a rage iskar barcin, a yi wa uwa allurar tsuke mahaifa. Ta wannan hanya mintoci ƙalilan da ake da su a haihuwar da aka saba suna komawa kusan awa guda, an ma ba da rahoton ayyukan da suka wuce awa biyu.

Uwa fa, wane haɗari take ɗauka?

Babban haɗarin shi ne zubar jini, tunda da gangan aka hana mahaifa tsukewa, kuma wani lokaci ba ta saurin dawowa. Ana iya bukatar ƙarin jini, a lokuta ƙalilan ma har a kai ga cire mahaifa don a ceci ranta. Ciwon wurin ɗinki ya ɗan fi yawa fiye da tiyatar da aka saba. Idan wurin da mabiyiya ta kwanta ya tilasta a tsaga saman mahaifa, to duk haihuwar da za ta yi nan gaba sai ta tiyata, kafin naƙuda ta fara. Uwa ce ke ɗaukar wannan nauyin a jikinta, saboda haka ita ya kamata a yi wa bayani da harshen da take ji, a kuma nemi yardarta, ba a tsaya ga sa hannun miji kaɗai ba.

Idan asibitin ba ya iya yin EXIT, shi ke nan?

A'a. Aikin yana bukatar kayan aiki da yawan ma'aikatan da ba kowane babban asibiti ke iya tarawa ba, kuma ba kowane ƙari ke bukatarsa ba. Efulis da ke rataye a gaban baki, wanda hoto ya nuna maƙogwaro a buɗe, yawanci ba ya kai ga haka. Abin da ke biye masa shi ne tiyatar haihuwa da aka tsara ranarta da safe, likitan maƙogwaro da likitan sa barci suna tsaye sanye da safar hannu, kayan huda maƙogwaro a buɗe a kan tebur, an gwada injin zuƙe majina da tukunyar oksijin. Akan ɗan jinkirta yanke cibiya yayin da ake ƙoƙarin sa bututun. Lokacin da ake da shi gajere ne ƙwarai idan aka gwada da EXIT, amma tazarar da ke tsakanin wannan shiri da haihuwar tsakar dare da babu wanda ya san da matsalar tana da girma.

An haifi jaririn a gida ko a ƙaramin asibiti, ba wanda ya sani. Me za a yi kafin a isa babban asibiti?

A fara duba ko iska tana shiga. Alamomin wahala su ne ƙara mai kama da shaƙewa a duk jan numfashi, da fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana lotsawa ciki, da hanci yana buɗewa yana rufewa, da numfashi fiye da sau 60 a minti, da kuka marar ƙarfi ko rashinsa. A jariri mai duhun fata ba a dogara da launin jiki, harshe da dasashi da cikin leɓe ake dubawa. Idan sun yi shuɗi-shuɗi ko toka-toka, iska ba ta isa.

Kada a kwantar da shi rigingine, domin nauyin ƙarin da harshe za su faɗa baya su rufe maƙogwaro. A kwantar da shi a gefe ko a kife, fuska tana kallon ƙasa kaɗan, a tallafe ƙarin da tsumma mai tsabta da aka jiƙa ta yadda zai rinjayo waje. A share majina a hankali. Kada a ɗura masa ruwa, ko zuma, ko rubutu, ko nono da cokali, domin abin da ya kasa haɗiyewa huhu zai tafi. A busar da shi, a rufe kansa da jikinsa, saboda sanyi yana ƙara wa jariri bukatar iska. Ma'aikacin lafiya da ya iya zai iya zura siririn bututu mai laushi ta hanci ya wuce bayan ƙarin, sau da yawa wannan kaɗai yana buɗe hanya, sannan a ba da oksijin. A cikin mota a riƙe shi a wannan kwanciyar, fuskarsa a buɗe inda mai riƙon zai riƙa ganinta, ba a naɗe cikin zani a goye ba. A kuma kira asibitin da za a je tun ana hanya.

Ba za a iya kai shi wurin wanzami ya yanke ba, ko a ɗaure shi da zare ya faɗi da kansa?

Kada a yi ko ɗaya. A ƙasar Hausa an saba kiran wanzami a kwanakin farko don cire beli, saboda haka tsoka mai siririn wuya a dasashi tana iya zama kamar ƙaramin aiki a idon dangi. Amma dukan jinin jikin jariri mai kilo 3 bai wuce kimanin mililita 250 ba, wato rabin ledar ruwan sha da ake sayarwa a titi, kuma waɗannan ƙararrakin suna da jijiyoyin jini a wuyansu. Cokali kaɗan na jini ya isa ya jefa shi cikin haɗari, wanda ya gangara maƙogwaro kuma ya shaƙe shi. Ga tsinkau-tsinkau da sauran cututtukan da aska marar tsabta ke kawowa.

Akwai dalili mafi nauyi. Wani abin da ake gani a baki kamar tsoka, a gaskiya jakar ƙwaƙwalwa ce da ta zubo ta wata ɓula a ƙasan ƙoƙon kai; yanke ta yana nufin zubar ruwan ƙwaƙwalwa da sanƙarau. Wani curin a tushen harshe kuma ƙululun da ke sarrafa girman jiki ne, wanda ya kamata ya sauka gaban wuya amma ya tsaya a can, kuma mai yiwuwa shi kaɗai yaron yake da shi. Ido ba ya bambance waɗannan, hoto ne ke bambancewa.

Tunda an sa bututu, me ya hana a cire ƙarin nan take?

Wani lokaci ana cirewa a ranar, musamman efulis, wanda aikinsa na mintoci ne, jariri ya fara tsotso cikin kwana ɗaya ko biyu. Babban teratoma kuwa akan jira 'yan kwanaki a yi hoton kai don a san tushensa da jijiyoyin da ke ciyar da shi, a auna jini, a tanadi na ƙari, a bar jaririn ya daidaita. Idan ya shiga cikin ƙoƙon kai sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa, wani lokaci a yi aikin kashi-kashi, kuma gaskiyar magana ita ce irin wannan sakamakonsa ya fi muni, wasu jariran ba sa rayuwa duk da an yi abin da ya dace.

Duka sai da wuƙa ake magance su?

Ba duka ba. Jakunkunan ruwa manya na wuya da ƙasan baki akan zuƙe su a ɗura maganin da ke sa bangonsu ya manne, kamar bleomycin, ko doxycycline, ko OK-432 da aka samar a Japan, kuma akan maimaita sau da dama. Masu ƙananan ramuka da suka ratsa harshe sun fi taurin kai, a nan ne ake gwada maganin sha mai suna sirolimus ƙarƙashin kulawar likita. Curin jijiyoyin jini da ke girma a maƙogwaro makonni bayan haihuwa yana jin propranolol, maganin hawan jini da likitoci a Bodo ta Faransa suka gano amfaninsa a wannan fanni a 2008. Ƙaramin efulis da bai hana numfashi ko tsotso ba ana iya sa masa ido, domin wasu suna motsewa da kansu. Teratoma dai ba shi da magani sai cirewa.

Ba a iya cire shi tun jariri yana ciki?

An taɓa yi. A 2012 likitoci a Miyami ta Amurka sun ba da rahoton yanke teratoma daga bakin jaririya tana cikin mahaifa, da siririn madubi da hasken leza, aka kuma haife ta lafiya. Wannan ya yiwu ne saboda ƙarin yana da siririn wuya kuma an gan shi da wuri. Cibiyoyi ƙalilan ne a duniya ke da wannan ƙwarewa, bai zama hanyar da ake bi yau da kullum ba.

Yaya za a ciyar da shi?

Ta siririn bututu da ake zurawa ta hanci zuwa tumbi, da nonon uwarsa. Uwa ta fara tatsa tun ranar farko, sau 8 ko fiye a yini da dare, ko da ɗigo ne ke fita, domin dakashin farko shi ne kariyarsa daga cututtuka a sashen jinya, kuma nonon da ba a tatsa ba yana ƙafewa kafin jaririn ya iya kama mama. Bayan an cire babban ƙari, baki yakan ɗauki lokaci kafin ya koyi rufuwa da tsotso, muƙamuƙin ƙasa ma mai yiwuwa ya lanƙwashe saboda abin da ya danne shi watanni. Yawanci yana gyaruwa a hankali yayin da yaron ke girma. Teratoma na ganɗa sau da yawa yana barin tsaga a ganɗar, madara ta riƙa fitowa ta hanci. Ana ɗinke ta ne idan yaro ya kai wata 9 zuwa 18, kuma ƙungiyar Smile Train tana ɗaukar nauyin irin wannan ɗinki kyauta a asibitoci da dama na Najeriya.

An huda masa wuya an sa bututu. Haka zai zauna har abada? Yaya za mu kula da shi a gida?

Galibi na wucin gadi ne, ana cire shi bayan makonni ko watanni idan an duba da madubi an tabbatar hanyar sama ta buɗe, ramin kuma ya rufe da kansa. Masu kumburin magudanan ruwa da ya mamaye harshe su ne suka fi daɗewa da shi.

Kulawar gida kuwa aiki ne na gaske, kuma bai kamata a sallami jariri ba sai mutum biyu a gidan sun koyi zuƙe majina da sauya bututun da hannunsu a gaban ma'aikaciyar jinya. Iskar da ke shiga ta wuya ba ta bi ta hanci ba, ba a tace ta ba, ba a jiƙa ta ba, don haka a lokacin hunturu majina tana bushewa ta toshe bututun cikin sauri. Ana ɗiga ruwan gishiri na asibiti, a rufe bakin bututun da matatar da aka tanada ko ƙyalle mai shara-shara, a nisanta shi daga hayaƙin murhu da turaren wuta da hoda. Wurin wanka a kiyaye kada ruwa ya shiga. A tanadi injin zuƙa na hannu ko na ƙafa saboda ɗaukewar wuta, da bututu biyu na ajiya, ɗaya daidai girmansa ɗaya ƙasa da shi, a jakar da ke bin yaron duk inda aka je. Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne jaririn da ke da wannan bututun ba a jin sautin kukansa, fuskarsa kawai za a ga ta yamutse, saboda haka ba a barinsa a ɗaki shi kaɗai ko na ɗan lokaci.

Bayan an gama, sai yaushe za mu daina zuwa asibiti? Kuma cikin gaba fa?

Mai efulis yakan gama da asibiti da wuri, sai dai a duba fitowar haƙoran wurin. Mai teratoma ana binsa shekaru, ana duba baki, ana maimaita hoto, ana kuma auna wani sinadari a jini mai suna AFP. Wannan sinadarin yana da yawa ƙwarai a jinin kowane sabon jariri, yana sauka a hankali cikin shekarar farko, saboda haka adadi guda ba ya nuna komai; abin da likita ke dubawa shi ne ko yana ci gaba da sauka ko ya juya yana hawa. Yaran da aka ɗinke wa ganɗa suna bukatar a gwada jinsu, domin ruwa yakan taru musu a kunne, wasu kuma suna bukatar mai koyar da furuci idan sun fara magana.

Game da ciki na gaba, da wuya ƙwarai abin ya maimaitu. Duk da haka uwa ta ajiye takardar sallama da ke nuna irin tsagar da aka yi wa mahaifarta, ta ba da tazarar da likita ya ce kafin ta sake ɗaukar ciki, yawanci wata 18 zuwa 24, ta fara awo da wuri, ta kuma gaya wa mai hoto tarihinta domin ya duba fuska da wuyan jaririn a mako na 20 ya sake dubawa a watanni ukun ƙarshe.